Damisar da Dogo Ya Ɓoye

A gandun dajin nan akwai wata doka da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma duk direban da aka damƙa wa makullin motar baƙi ya san ta tun ranar farko. Dokar ita ce wanda ya gani ya faɗa. Daji yana da faɗi, mutum kuwa ido biyu gare shi. Da sassafe motoci sukan fita, buɗaɗɗu masu rumfa, kowace ta kama hanyarta da baƙin da suka taso daga nesa don su ga namun daji da idonsu. In wani ya ci karo da zaki ko garken giwaye, sai ya ɗauki oba-oba, rediyon maganar da ke cikin mota, ya sanar da 'yan'uwansa su juyo. Yau ka ba wani, gobe shi zai ba ka. Ba kirki ba ne, aiki ne. Direban da ya dogara da idonsa shi kaɗai zai yini yana nuna wa mutane ciyawa.

Mai riƙe da dokar shi ne babban direba, wanda kowa ke ce wa Baba. A dajin ya yi furfura. Ba kullum yake ɗaukar baƙi ba yanzu, yawanci zagayen duba hanyoyi yake yi, inda ruwa ya ci ko itace ya faɗi. Ba ya da yawan magana, in kuwa ya yi, ba ya maimaitawa. Dogo surukinsa ne, 'yarsa yake aure. A gareji Dogo ya fara, da bokiti da soso, Baba ne ya ga yana da ido, ya koya masa tuƙi da karatun sawu, daga baya kuma ya ba shi 'ya. Ko maƙiyinsa ba zai ce Dogo bai iya aiki ba. Yana iya hango kunnen zaki a cikin busasshiyar ciyawa mota tana tafe.

Ranar da abin ya fara, wasu matasa miji da mata ya ɗauko. Ya gangara da su bakin wani busasshen rafi da ba a cika bi ba, saboda sai ka hau wani faffaɗan dutse ka sauka, ka bi tsakanin manyan duwatsu biyu da mota ɗaya kawai ke iya wucewa. Birai ya fara ji suna haushi, dukkansu sun fuskanci waje guda. Ya rage gudu. A kan reshen wata tsamiya ya hango ƙafar gada tana reto. Gada ba ta hawa bishiya, ɗora ta aka yi. Ya kashe mota, ya ɗaga wa baƙin hannu su yi shiru.

Sun jima a nan, har mijin ya fara taɓa wayarsa, sannan ta fito daga wata tsaga a jikin dutsen ƙetaren rafin. Damisa ce babba, cikinta a sake irin na mai shayarwa. A bayanta 'ya'ya biyu suka biyo, ƙafafunsu ba su gama ƙwari ba, ɗaya yana tafiya yana tuntsurewa.

Hannun Dogo ya kai kan oba-oba da kansa, don hannu ya saba. Sai ya tsaya.

Abin da ya tsayar da shi bara ne. Bara ma an ga wata damisar da 'ya'ya, wani direba mai surutu da ake ce wa Aku ya sanar. Kafin ka ce mene ne wannan, motoci sun yi mata zobe, inji yana ta ƙara, baƙi sun miƙe tsaye, wani har tafi yake don ta waiwayo. Da tsakar rana ta ɗauki ɗa guda a baki ta ratsa fili da shi. Kafin ta dawo ɗaukar na biyun, gwaggon birai sun riga ta. A gaban Dogo aka yi.

Yana cikin wannan tunanin oba-oba ta yi ƙara, Aku ne yake tambayar kowa abin da ke gabansa.

"Dogo, kai fa? Ka yi shiru kamar an aiko maka da sammaci."

"Zabi ne kawai a nan," in ji Dogo.

A hanyar dawowa ya ba baƙin labarin bara, ya roƙe su kada su nuna wa kowa hotunan sai sun bar gandun. Suka yi alkawari har da dafa ƙirji. Nan ne ya yi wauta. Duk wanda ya ɗauka ɗan zamanin nan zai riƙe hoto a waya ya kwana bai nuna wa kowa ba, to bai san su ba. A ɗakin cin abinci matar ta nuna wa na teburin kusa, na kusa ya kira na gaba, mai raba abinci ya leƙa. La'asar ba ta yi ba sai da labari ya isa inuwar gareji, inda direbobi ke hutawa a kan tsofaffin tayoyi.

Aku ne ya tare shi. Ya ce shi dai yau ya ƙaru, ashe a dajin nan akwai zabi masu wutsiya da haƙora, har da shayarwa. Aka yi dariya, amma ba irin wadda ake yi da mutum ba. Wani ya tuna masa zakunan da ya ba shi makon jiya, wani ya tuna masa giwaye. Baba yana gefe ya buɗe gaban motarsa yana duba mai. Bai ɗago ba ya tambaya.

"Ina ne?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, a yi mini haƙuri. A tuna bara."

Baba ya goge ƙarfen awon mai da tsumma, ya mayar, ya rufe gaban mota. Ko kallonsa bai yi ba.

Washegari Dogo ya kunna oba-oba, ba ya jin komai sai shuuu. Ya bubbuga ta, ya duba waya, lafiyarta lau. Sun sauya layi ne, ba su gaya masa ba. Haka ake hukunta direba a nan. Ba zagi, ba kai ƙara, a gareji ma ana amsa gaisuwarsa. Kunne kawai aka toshe masa.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kam gaskiya ce. Ya nuna wa baƙi gwanki yana tsaye a inuwa kamar an dasa shi. Ya nuna musu gadu da 'ya'yanta suna gudu a jere, kowa ya ɗaga wutsiya sama kamar eriyar mota. Ya kai su inda raƙuman dawa ke tale ƙafafu su sha ruwa, ya nuna musu idon kada a cikin tabki, wanda su da farko suka ce icce ne. Suna ɗaukar hoto, suna murna. Amma da sun koma ɗakin cin abinci suka ji na sauran motocin sun ga zaki a kan ɓauna, sai murnar ta koma ciki. Mutum ba ya ƙimanta abin da ya gani sai ya ji abin da maƙwabcinsa ya gani. Rukuni na farko suka nemi a sauya musu mota. Na biyu ma haka.

Manaja ya kira shi ofis. Fanka tana juyawa a sama, makullan motoci suna rataye a jikin wani allo bayan kujerarsa. Ya ce shi ba ya shiga rigimar direbobi, bai kuma san abin da ya haɗa su ba, ba ya son sani. Abin da ya sani shi ne baƙi suna gudun mota ɗaya. Akwai wani dattijo da 'yarsa da za su sauka yau, zai ba shi su. In su ma suka yi ƙorafi, makullinsa zai koma jikin allon nan, shi kuma ya koma gareji, bokiti da soso suna nan inda ya bar su.

A gida ya tarar da matarsa tana goge masa kakin aiki a kan tabarma, yara suna wasa a ƙofar ɗaki. Ta riga ta ji, a rukunin gidajen ma'aikata magana ba ta kwana. Ta ce ta je wurin Baba da rana, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, ya ba ta lemo ta kawo musu, da ta soma zancen sai ya kunna rediyo. Ta ce ita dai ta shiga uku, uba da miji kai ɗaya gare su, kamar a kasuwa ɗaya aka sayo.

"Baban yara, ita damisar 'ya'yanta biyu, kai naka uku. Ka lissafa da su?"

Ya ce ba ta ga abin da ya gani bara ba.

"Ban gani ba. Amma na gan ka da soso, ban kuma manta yadda kake dawowa gida ba."

Ta ninke wandon, ta ɗora a kan akwati.

Dattijon da aka ba shi tsohon matuƙin jirgin ƙasa ne, mai fara'a da son tsokana, 'yarsa kuwa ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo shi. Tun da suka hau mota yake ce wa Dogo abokin aiki, yana cewa shi da ya yi rabin rayuwarsa a kan ƙarafa biyu bai taɓa ɓatan hanya ba, ku masu sitiyari ne da yawo. Ya ce ta tagar inji ya ga kusan komai, giwa ta taɓa tsare masa hanya, jimina ta yi tsere da shi. Damisa ce kawai bai taɓa gani ba, ita ya zo nema, in ya gan ta ya gama. Dogo ya ce Allah ya sa a dace.

Suka yi fita ta farko, ta biyu, ba zaki ba damisa. 'Yar ta ji labari a ɗakin cin abinci cewa direbansu ba ya ga maciji da 'yan'uwansa. A gabansa ta ce wa uban gara su nemi wata mota, tun da gobe da rana za su tafi. Dattijon ya ce a'a, ba a sauke matuƙi a tsakiyar hanya, a bar shi ya kai su tasha. Ta ce to, amma in gobe ma barewa ce, ita za ta faɗa wa manaja gaskiya in ya tambaye ta.

Da safe Dogo ya ɗauke su, ya yi kamar zai bi hanyar tabki, da sauran motoci suka ɓace sai ya karya. Tun ranar farko bai sake kai baƙo rafin ba. Shi kaɗai ya leƙa daga nesa, lokacin da aka aike shi kai ruwa sansanin masu gadin daji, kuma kullum ta kan faffaɗan dutsen yake bi don kada taya ta bar sawu. Yau ma nan ya bi. Ya sauka, ya ratsa tsakanin duwatsun biyu, ya kashe inji ya bar motar ta gangara da kanta.

A ƙarƙashin wani marke akwai mota a tsaye, ba baƙo ko ɗaya a ciki. Baba ne zaune a gaba da kofin shayi a hannu.

Dogo ya tsaya gefensa, ya gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa. Baba ya amsa, ya gaida dattijon da 'yarsa, sannan ya mayar da ido ƙetaren rafi.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun washegari. Tayarka ta baya ta hagu ba irin sauran ba ce, ni na ɗaura maka ita da damina. Motar da ta hau dutse ai sai ta sauko."

"To me ya sa ba ka gaya musu ba?"

"Ni na gani? Kai ka gani."

Ya kurɓi shayi. Daga nan ya yi maganar da Dogo bai taɓa jin ya yi mai tsawonta ba, a hankali, ba ɗaga murya. Ya ce Dogo ya ɗauka shi kaɗai ya ga abin bara, to wa ya sauka ya ɗauke gawar ɗan damisar bayan motoci sun watse? Ya ce da ya zo ya same shi ya ce Baba ga abin da na gani, ga kuma tsorona, da sun zauna da sauran sun tsara yadda za a yi. Amma ya zauna shi kaɗai a mota ya yanke cewa duk 'yan'uwansa mahaukata ne, har da wanda ya koya masa riƙe sitiyari, ya kuma yi musu ƙarya a kan layin da suke ba shi abinci.

"Yau kuma ga ka da baƙi. Da can tausayin damisar ne, yanzu da abin ya zo kan makullinka, ka tuna hanya."

'Yar dattijon ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Dattijon ne ya taɓa kafaɗar Dogo da yatsa, ya nuna gaba.

Damisar ta fito tana miƙa, ta hau kan wani dutse inda rana ta fara sauka, ta kwanta. 'Ya'yan sun yi wayo, yanzu gudu suke. Ɗaya ya kama wutsiyarta yana ja, ta ɗaga ta sama, ya yi tsalle ya faɗi. Ɗayan ya zauna yana kallon motocin da kunnuwa a tsaye. Uwar ta dube su sau ɗaya, ta ga ba mai motsi, ta lumshe ido. 'Yar ta ɗaga waya. Dattijon bai nemi waya ba, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, yana ta kallo, leɓensa yana motsi kaɗan.

"Abokin aiki," ya ce can ƙasa, "ka kawo ni tasha."

To, a nan Dogo yana iya juyawa ya koma. Baƙinsa sun ga abin da suka zo nema, ba za su yi ƙorafi ba, makulli ya tsira na wannan makon. Amma wani makon wasu baƙin ne, oba-oba kuma tana nan da shuuu ɗinta. Ba zai yi ta satar hanya zuwa rafin nan kullum ba, in ya yi ma shi ne zai kore ta. Ya dubi Baba. Baba ya zubar da sauran shayin, ya gaya masa layin da suka koma, ya tayar da mota a hankali ya ja da baya.

Dogo ya murɗa oba-oba. Nan take muryoyi suka cika motar, ana ta zancen wasu ɓauna a bakin tabki. Ya jira suka numfasa, ya faɗi sunansa.

"Wa nake ji haka?" in ji Aku. "Mai zabi ne?"

"Ni ne. Damisa da 'ya'ya biyu, a busasshen rafi bayan faffaɗan dutse. Tun ranar nan na gan ta na ɓoye muku. Baba yana bakin mashiga, abin da ya ce shi za a yi."

Ba su ɓata lokaci ba. Da suka iso suka tarar Baba ya gitta motarsa tsakanin duwatsun biyu, ya fito ya jingina da ita. Ya ce mota ɗaya-ɗaya za a shiga, a kashe inji tun daga gangara, a tsaya a wannan gaɓar, ba mai miƙewa tsaye, ba mai tafi. Wanda baƙinsa suka yi hayaniya, ya fito, ya kuma yi sallama da rafin. Aku ya ce ai shi ya fara isowa. Baba ya ce ya gani, shi ne na ƙarshe, ya yi amfani da jiran ya koya wa bakinsa hutu. Baƙin da ke layi suka yi ta gunaguni, rana tana dukansu, amma duk wanda ya shiga ya fito sai ka ga ya yi shiru.

Da Dogo ya zo fita, Baba ya matsar masa da mota, ya ce in ya sauke baƙinsa ya dawo ya karɓe shi. Daga yau tsaron mashigar nan da yamma nasa ne, hutun rana ya ƙare masa sai ranar da damisar ta tashi. Dogo ya ce to.

Manaja bai sake zancen makulli ba. A gareji aka ɗan ja masa rai, sunan Mai Zabi kuma ya bi shi, har yaransa sun ji. Da yamma yana zaune a mashiga, yana shigar da motoci ɗaya bayan ɗaya, matarsa tana aiko masa da abinci a kwano.

Bayan 'yan kwanaki aka wayi gari tsagar dutsen ba kowa. Damisar ta kwashe 'ya'yanta. Aku ya ce ai halinsu ne, damisa ba ta daɗewa da 'ya'ya a wuri ɗaya ko da mota ko ba mota. Wani ya ce ƙila warin mai ne ya ishe ta. Aka tambayi Baba, ya ce bai tambaye ta ba.

Sai wajen ƙarshen rani aka sake ganinta, can gefen tabki, a kan reshen kanya. Ɗa guda ne tare da ita, ya girma, ya kusa kai rabinta. Dogo ne ya hango su, yana ɗauke da wasu baƙin. Ya kashe mota, ya duba reshen sama, ya duba gindin bishiyar, ya duba ciyawar da ke kewaye, ya sake dubawa. Ɗaya ne. Ya ɗauki oba-oba ya riƙe ta a hannu, har wata baƙuwa ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau. Ya danna ya sanar da su, ya ce a zo ɗaya-ɗaya, a kashe inji daga nesa.